Garin Ɓawon 'Ya'yan Itace a Legas: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shanya, Niƙa da Lissafin Danshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwanmu masu sana'ar kayan marmari a Mile 12 da Ketu da Agege, da matan aure masu neman ƙaramar sana'a ta cikin gida, da ɗaliban kimiyyar abinci da aka ɗora wa aikin bincike. Zancen lissafi ne ya fi cin wuri a nan, domin shi mutane suka fi gudu, alhali a garin nan mai laima shi ne ke bambanta wanda garinsa zai kai wata shida da wanda nasa zai yi funfuna kafin mako ya zagayo.

Malam, ɓawon da muke biyan kuɗi a kwashe mana, shi ne kuma zai zama kayan sayarwa?

Shi ne fa, Alhaji. Tsaya gefen mai baron lemu a Obalende bayan la'asar ka dubi tulin da ya fere tun safe, sannan ka tuna cewa irinsa sun fi a ƙirga. A ayaba, ɓawo kusan kashi ɗaya ne cikin uku na nauyinta. Mai matse lemu kuwa, kusan rabin abin da ya saya ne yake komawa kwandon shara, in aka haɗa ɓawo da tuƙa da ƙwallaye. Mafi yawansa yana ƙarewa ne a juji irin na Olusosun da ke Ojota.

Abin da ake zubarwar ba wofi ba ne. Akwai harza mai yawa, wadda ke taimaka wa ciki. Ɓawon lemu yana da fektin, sinadarin da ke sa jam ya yi kauri, kuma mafi yawan fektin ɗin da masana'antun duniya ke amfani da shi daga busasshen ɓawon lemu da tuƙar tuffa ake fitar da shi. Man da ke yi maka yaji a ido in aka matse ɓawon lemu, shi ne tushen ƙamshin. Ɓawon ayaba da na agade suna da fotasiyam, shi ya sa maƙwabtanmu Yarabawa suka daɗe suna shanya ɓawon agade su ƙona, su yi sabulun salo da tokarsa. A Sin kuwa, a yankin Xinhui na lardin Guangdong, busasshen ɓawon wani irin lemu har ajiye shi ake yi shekaru, yana tsufa yana ƙara daraja.

Matsalar ɗaya ce: ɗanyen ɓawo ba ya jira. Ka bar shi a buhu daga safe zuwa washegari, ya fara tsami. Busarwa ce ke tsayar masa da lalacewa, niƙa kuma ta rage masa cin wuri.

Wanne ya fi dacewa mai farawa ya kama?

Lemu. Ruwansa bai kai na sauran yawa ba, ƙamshinsa yana jan mai saye, kuma mai ferewa ya riga ya yi maka rabin aikin, tunda yana fitar da shi siriri kamar zare. Na abarba da na mangwaro suna da zaƙi, garinsu yana saurin dunƙulewa. Na ayaba yana baƙi nan da nan. Na kankana kusan duk ruwa ne, wahalarsa ta fi ribarsa sai dai in kana da zafi na kyauta.

A kula da na mangwaro. Ƙaron da ke jikin ɓawonsa yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburin leɓe, don haka in an zuba shi a cikin wani gari, a faɗa wa mai saye.

In na tara kilo 10 na ɗanyen ɓawo, garin nawa zan samu?

Ya danganta da yawan ruwan da ke ciki, kuma lissafin ba shi da wuya. A ɗauka ɓawon yana da ruwa kashi 85 cikin 100. Ke nan a kilo 10, kilo 8.5 ruwa ne, tsagwaron kaya kilo 1.5 kacal. Ba a busarwa har ruwa ya ƙare ƙaf. Akan tsaya ne wajen kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka. Sai ka raba 1.5 da 0.9, ka samu kilo 1.67. Wannan ne nauyin busasshen ɓawonka, kafin ma a cire abin da zai maƙale a injin niƙa da wanda zai tsaya a rariya.

In ɓawon lemu ne mai ruwa kashi 75, kilo 10 zai ba ka kusan kilo 2.8. In na kankana ne mai kashi 94, ba za ka kai giram 700 ba. Mutane da yawa suna yanke farashi kafin su yi wannan lissafin, sai su ga buhu uku ya koma ɗan abin da bai cika bokiti ba, su ce an cuce su. Ba wanda ya cuce su, ruwa suka ɗauko daga kasuwa.

A gida muna shanya tumatir da kuɓewa a rana su bushe ƙayau. Me ya sa a nan Legas sai abu ya yi funfuna?

Hajiya, ranar ɗaya ce, iskar ce ba ɗaya ba. Aikin rana shi ne ta dumama ɓawo ruwa ya tashi. Iska ce ke kwashe shi ta tafi da shi. Iskar Kano ko ta Katsina a tsakiyar hunturu a bushe take, laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, shi ya sa leɓe ke tsagewa, kauɗa kuma ta bushe a kan taburma ba tare da wata dabara ba. Legas kuwa tana tsakanin teku da tafki. Mafi yawan shekara laimar iskarta tana haura kashi 70, da asuba ta wuce 80, musamman a watannin Yuni da Yuli da ruwa ya fi sauka. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta da wurin karɓar naki.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Kowane busasshen abu yana da iyakar bushewar da zai iya kaiwa a cikin iskar da yake zaune. In ya kai wannan iyaka, ruwan da yake fitarwa ya yi daidai da wanda yake sha, sai ya tsaya cak, ko da za ki bar shi mako guda a shanya. A iskar Legas ta damina, wannan iyaka tana sama da inda funfuna ke daina tsirowa. Wato kina iya yin komai daidai, ɓawon ya ƙi kaiwa inda ake so. In kuma kika bar shi ya kwana a waje, raɓa ta mayar masa da abin da rana ta cire.

Mafita ita ce a dumama iskar kafin ta taɓa ɓawon. Iska mai zafin digiri 30 da laima kashi 80, in aka dumama ta zuwa digiri 50, laimarta tana komawa wajen kashi 28. A digiri 60 kuwa ta sauka zuwa wajen kashi 17. Ruwan da ke cikinta bai ragu ba, amma ƙarfin ɗaukarta ya ninninka. Ke nan da ɗan zafi kin mayar da iskar Agege ta zama irin ta hunturun Arewa a cikin akwati. Wannan shi ne duk sirrin akwatin shanya mai rufin leda ko gilashi: baƙin faranti yana dumama iskar da ke shiga ta ƙasa, ta ratsa ragar da aka baza ɓawo, ta fita ta sama ɗauke da tururi. Kuskuren da kafintoci suka fi yi shi ne toshe akwatin ko'ina wai don zafi ya taru. In babu ƙofar fitar iska, dafa ɓawon ake yi, ba busarwa ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu rana kaɗai tana iya wadatarwa. A damina kuwa, a fara da rana, a ƙarasa da gas ko lantarki.

Sai an wanke? Ai ruwa muke son cirewa, ba ƙarawa ba.

Dole ne a wanke, kuma tun kafin a fere ya fi. Ɓawo shi ne ya sha feshin maganin ƙwari a gona, ya sha ƙurar hanya daga Binuwai ko Edo, ya kwanta a ƙasan kasuwa. Akwai kuma masu nunar da ayaba da mangwaro da kabayid, sinadarin nan na masu walda, wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kansa. Kayan da ake zargin an nunar da shi haka, kada a taɓa ɓawonsa don abinci ko dabba. Haka ma wanda ya ruɓe ko aka tsinto daga ƙasa. Gara ka yi yarjejeniya da mai ferewa guda biyu ko uku, ka ba su bokiti mai murfi, ka karɓa kullum.

Ruwan wanki a waje yake tsayawa, minti kaɗan a kan raga ya tsane. Ba shi ne ke jinkirta bushewa ba.

To yanka fa? Ƙanana ko manya?

Sirara, kuma kai ɗaya. Ruwan da ke tsakiyar ɓawo sai ya yi tafiya zuwa waje kafin iska ta ɗauke shi, kuma a ƙa'idar lissafi, in ka rage kaurin yanka zuwa rabi, lokacin wannan tafiya ba rabi yake komawa ba, kusan rubu'i yake komawa. A aikace ba ya kaiwa haka cif, amma bambancin a fili yake. Milimita 3 zuwa 5 ya isa. In ka gauraya mai kauri da siriri a tire ɗaya, siririn zai ƙone kafin mai kaurin ya bushe, ko kuma ka sauke da wuri, mai kaurin ya jiƙa sauran a cikin leda. A baza shi falle ɗaya, kada a tula.

Ɓawon ayaba, in ana son rage baƙinsa, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti biyu ko uku, ko a ruwan lemun tsami. Na lemu kuwa tafasawa tana rage masa ɗaci amma tana tafiya da wani kaso na ƙamshi. Sai ka zaɓi wanda mai sayenka ya fi so.

Me zai hana in ƙara wuta ya bushe da sauri?

Tsakanin digiri 50 zuwa 65 aka fi yin aikin. Sama da haka, launi yana komawa ƙasa-ƙasa, ƙamshin lemu yana gudu, bitamin C yana lalacewa, zaƙin abarba yana fara ƙauri. Mafi muni, saman ɓawon yana iya ƙanƙamewa ya yi tauri tun cikin bai bushe ba, ya tsare ruwan a ciki. Ka taɓa ka ji garau, ka ɗaure a leda, bayan kwana uku ka ga gumi. In kana son sauri, rage kaurin yanka, ka sa fanka.

Mene ne wannan lissafin fitar danshi da 'yan boko ke ta magana a kai? Ya shafi ɗan kasuwa?

Ya shafe shi fiye da kowa, domin shi ke sayen gas. Asalin abin sikeli ne da agogo. Ana auna tiren ɓawo a farko, a ci gaba da aunawa lokaci-lokaci, a rubuta. In aka jera alƙaluman, sai a ga ruwa ba ya fita bai ɗaya. Yana zuba da farko, sannan ya yi ta ja da baya.

Ga misali na koyarwa. Tire mai ɗauke da giram 1,000 na ɓawo, giram 850 ruwa, giram 150 tsagwaron kaya. A ɗauka a wannan zafin rabin ruwan da ya rage ne ke fita a kowace awa. Bayan awa 1 sikeli zai nuna 575. Bayan awa 2, wajen 362. Awa 3, 256. Awa 4, 203. Awa 5, 177. Awa 6, 163. Inda muke so mu kai, wato danshi kashi 10, shi ne giram 167, ke nan tsakanin awa ta 5 da ta 6 za a sauke.

Dubi abin da ya faru. Awa ta farko ta cire giram 425. Awa ta shida ta cire giram 13 ko 14 kacal, alhali wutar da suka ci ɗaya ce. Abin kamar karɓar bashi ne: kason farko yana zuwa da sauƙi, ragowar canjin ƙarshe shi ke cinye takalmi. Dalili kuwa shi ne ruwan farko a kusa da waje yake, na ƙarshe kuma a can ciki, yana riƙe da sukari da harza.

Daga nan amfani biyu suka fito. Na ɗaya, a awa ta 4 ɓawon zai yi kama da busasshe a ido da hannu, tunda ya zubar da kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa. Amma yi lissafi: giram 53 na ruwa a cikin 203, wato danshi kashi 26. Wannan abincin funfuna ne. Asara mai yawa a daidai wannan gaɓar ake yin ta. Na biyu, wanda ya bar wuta har awa 9 don tsoro, ya ƙona gas na awa uku a kan 'yan giram ɗin da ba su da amfani. Lissafin yana gaya maka inda za ka tsaya, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba.

Masana suna mayar da awon zuwa lamba ɗaya da ake kira kason danshi: ruwan da ya rage wanda zai iya fita, a raba shi da wanda zai iya fita tun farko. Yana farawa daga 1, yana gangarowa zuwa 0. Da shi ake iya gwama tire ƙarami da babba, ko lemu da abarba.

Ni ɗalibi ne. Malaminmu ya ce in gwada samfurin Lewis da na Page da sauransu. Mene ne bambancinsu?

Duk ƙoƙari ne na zana layin da zai bi ta kan awonka. Mafi tsufa shi ne na Warren Lewis, masanin injiniyancin sinadarai na Amurka, daga 1921. Wasu suna kiransa na Newton don ya yi kama da ƙa'idar hucewar zafi. Shi ne misalin da aka bayar a sama: kaso iri ɗaya na ragowar ruwa yana fita a kowane lokaci iri ɗaya. Lamba ɗaya gare shi, k, mai nuna saurin bushewa. A misalinmu k tana wajen 0.69 a awa. Sauƙinsa ne lahaninsa, domin yakan kauce wa awon gaske a farko da kuma ƙarshe.

A 1949 Page, a binciken da ya yi kan busar da masara a Jami'ar Purdue, ya ɗora wa lokaci wata lamba ta biyu, n, don layin ya iya lanƙwasa. In n ta zama 1, an koma na Lewis. Henderson da Pabis a 1961 sun sa tasu lambar a gaba. Midilli da abokan aikinsa daga Turkiyya a 2002 suka haɗa lambobi huɗu. Ana gwada kowanne a kwamfuta, ko da Excel ne, a duba wanda R² ɗinsa, wato lambar da ke nuna yadda layi ya dace da awo, ya fi kusa da 1, kuskurensa kuma ya fi ƙanƙanta.

Amma ka yi hattara, ɗan'uwa. Samfuri mai lambobi huɗu kusan kullum zai fi mai lamba ɗaya dacewa da awo, ba don ya fi gaskiya ba, sai don yana da wurin lanƙwasa da yawa. In awonka takwas ne kawai, ka ce na Midilli ya yi nasara, ba ka gano komai ba. A ganina, in na Page ya bi awon da kyau, tsaya a kansa, ka ƙara yawan awo, ka maimaita gwajin sau uku a kowane zafi.

Sai abu biyu da malamai ke yawan kama ɗalibai da su. Na farko, a lissafin nan ana auna ruwa ne a kan tsagwaron kaya, ba a kan jimillar nauyi ba. Danshi kashi 85 yana nufin kilo 5.67 na ruwa a kan kowane kilo na busasshen kaya. Kashi 10 kuma 0.11. Dalili shi ne jimillar nauyi tana canzawa, tsagwaron kaya kuwa yana nan yadda yake. Na biyu, in za ka fitar da saurin ratsawar ruwa ta ƙa'idar Adolf Fick, Bajamushen da ya shimfiɗa ta a 1855, ka tuna tana ɗauka cewa kaurin yanka ba ya canzawa. Ɓawo kuwa yana motsewa sosai yana naɗewa. Rubuta hakan a rahotonka, kada ka ɓoye. Ka kuma tabbatar ko rabin kauri za ka sa ko cikakke: in iska tana taɓa ɓangarori biyu, kamar a kan raga, rabi ne. In ka yi gwaji a zafi uku ko fiye, kana iya bin ƙa'idar Arrhenius ka ga yadda zafi ke ƙara sauri.

Na ga wani bincike da aka yi a Indiya ya ce awa kaza. In bi shi kawai?

A'a. Lambobin nan 'ya'yan wurin da aka haife su ne: irin ɗan itacen, nunarsa, kaurin yanka, zafi, ƙarfin iska, laimar ranar, yawan abin da aka loda a tire. Siffar layin ce kaɗai za ka aro. Ko a na'urarka ta busarwa, tiren sama da na ƙasa ba sa tafiya tare, lissafin Janairu kuma ba zai yi wa Yuli daidai ba.

Ba ni da ɗakin gwaji. Ta yaya zan yi nawa?

Sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya, agogon waya, da littafi. Da farko gano tsagwaron kayan: yanka giram 100 na ɓawo ƙanana, sa a oben a wajen digiri 105, ka riƙa aunawa har nauyin ya daina sauka. In ya tsaya a giram 18, ka san ɓawonka yana da ruwa kashi 82. Wannan ɗan samfurin na awo ne, a zubar da shi.

Sannan ka ware tire ɗaya ka yi masa alama, ka san nauyinsa ba kaya. Loda giram 1,000. Tsagwaron kayan giram 180 ne, ka raba da 0.9, ka samu 200. Rubuta 200 ɗin a jikin bango. Auna kowane minti 30 a awa biyun farko, daga nan kowace awa, ka yi sauri kada tiren ya huce. Lokacin da sikeli ya nuna 200 ban da nauyin tire, an gama. In kuwa ya tsaya a 230 ya ƙi sauka, iskarka ce ba ta da ƙarfi: ƙara zafi kaɗan ko buɗe mafitar tururi. Bayan 'yan zagaye za ka san lokacin na'urarka, sikelin ya koma na tabbatarwa kawai.

Ban da sikeli, akwai wata alamar cewa ya bushe?

Bari ya huce tukuna, domin ɓawo mai zafi yana da laushi ko da ya bushe. In ya huce, ya karye ƙas, kada ya lanƙwashe. Sannan a zuba a kwalbar gilashi a rufe kwana biyu ko uku. In aka ga gumi a jikin gilashin, a mayar da shi wuta.

Akwai dabarar da ta fi wannan. Abin da ke ba ƙwayoyin cuta da funfuna damar rayuwa ba yawan ruwa ba ne kawai, a'a, yawan wanda suke iya samu su sha. Ana auna shi daga 0 zuwa 1, kuma ƙasa da 0.6 babu abin da ke tsirowa. Funfunar da ke haifar da gubar afulatoksin, wadda aka fi sani a gyaɗa da masara, tana buƙatar wajen 0.8 zuwa sama. Za ki iya kimanta wannan a gida: ki sa ƙaramin ma'aunin laima irin na masu ƙyanƙyasar ƙwai a cikin kwalbar da kika cika da ɓawo, ki rufe ruf, ki bari ya kwana. In ya nuna ƙasa da kashi 60, kin tsira. Don ki gwada gaskiyar ma'aunin, ki dama gishiri da ɗan ruwa ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, ki rufe su tare. Ya kamata ya nuna wajen kashi 75.

Abin da ya riga ya yi funfuna, zubarwa ake yi. Sake shanya shi ko tafasawa ba ya kashe gubar.

Garina yana fitowa da kyau, amma bayan kwana biyu sai ya dunƙule. Me ke kawo haka?

Ko dai bai gama bushewa ba, ko ya sha iska bayan niƙa. Gari ya fi ɓawo saurin jan danshi nesa ba kusa ba, tunda kowane ɗan ƙwayarsa a buɗe yake, balle na abarba da mangwaro masu sukari. A niƙa da rana tsaka, ba da asuba ko lokacin hadari ba. A niƙa kaɗan-kaɗan don kada injin ya yi zafi ya narkar da zaƙin. A tankaɗe, a bari ya huce na ɗan lokaci a rufe, a ɗura nan take.

Injin markaɗen unguwa da ya gama niƙa jiƙaƙƙen wake da attaruhu ba wurin kai wannan kaya ba ne. Zai dawo da laima, da yaji, da abin da ido ba ya gani.

Ajiya fa?

Kwalba mai murfin roba, ko leda mai kauri da aka liƙe da zafi, a wuri mai duhu, nesa da murhu. Ƙananan ƙunshi sun fi babba, domin duk buɗewa shigar laima ce. In za ka daɗe ba ka sayar ba, ajiye shi a ɓawonsa, ka niƙa in mai saye ya zo. Rubuta ranar da aka yi shi a jiki.

Zan iya ba wa ragunana? Ina kiwo a wajen Alaba Rago.

Za ka iya, a matsayin ƙari a kan dusa da harawa, ba madadinsu ba. A Barazil da jihar Florida ta Amurka, busasshiyar tuƙar lemu da ɓawonsa tsohon abincin shanu ne da masana'antun matse lemu ke sayarwa. Yana ba da ƙarfi amma sinadarin gina jikinsa kaɗan ne. Fara da ɗan kaɗan, ka lura da cinsu da kashinsu. Ga raguna da shanu ba sai an niƙa ya yi laushi ba, ɓarzawa ta isa. Kaji ba sa jure harza da ɗacin lemu kamar masu tuƙa, sai a yi musu ƙwarya-ƙwarya.

An ce yana maganin ciwon suga da hawan jini.

An ce. Abinci ne mai harza da ƙamshi, a zuba a shayi ko kek ko kunu. Mai ciwo ya ci gaba da shan maganin da likita ya ba shi, mai sayarwa kuma kada ya rubuta sunan wata cuta a jikin leda.

In ina son in sayar a shaguna, ina zan dosa?

Abincin da aka ƙunshe aka sa masa suna don sayarwa yana buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, kuma za su duba wurin aiki da tsabta da abin da aka rubuta a jikin kaya. Don horo da shawara kan na'urorin busarwa, akwai cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, FIIRO, a Oshodi, wadda ke aiki tun 1956. Kafin duk wannan, nemi mai saye tukuna: masu gasa kek, masu haɗa shayi da kayan ƙamshi, masu sabulu, masu kiwo. Kowannensu da irin laushi da launin da yake so.

A taƙaice dai, akwai riba?

Ɓawon kusan kyauta ne, zafin ne na kuɗi. Mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi yana cin wajen kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na lantarki, ko da ba a yi asarar komai ba. A misalinmu na kilo 10, ruwan da za a cire kilo 8.3 ne, wato wajen yunit 5.4. In na'urarka tana zubar da rabin zafinta, kamar yadda ƙananan na'urori kan yi, ya zama kusan yunit 11, ko kuma abin da ya kusa kilo ɗaya na gas, duk don garin da bai kai kilo 2 ba. Ɗora kuɗin dako daga kasuwa, da ruwan wanki, da niƙa, da leda, da ladan mai yanka.

Shi ya sa layin bushewar nan yake da amfani a aljihu. Tunda mafi yawan ruwan a farko yake fita kuma ba ya gardama, bar wa rana da akwatin shanya wannan kason. In tiren giram 1,000 ya sauko zuwa wajen 300 kafin la'asar, rana ta cire giram 700 kyauta, saura giram 130 da ɗoriya kawai gas zai ƙarasa, kuma a ƙarasa a daren, kada a bari ya kwana da laima. Da janareta kuwa, sai dai in garin lemu ne mai tsada da ka riga ka samu wanda zai saya.